Girman ƙwayar kabon wajen narkar da ƙarfe: abin da aka tattauna a Gusau

Da masu narkar da tarkacen ƙarfe suka zauna a Gusau kan kabon (sinadarin da ke cikin gawayi) da ake ƙara wa narkakken ƙarfe, inda aka fi jan magana shi ne girman ƙwayarsa.

Kowa ya yarda cewa garin kabon ɓarnar kuɗi ne. In ya yi laushi kamar fulawa, wani ya ƙone a sama, wani ya bi dattin da ke tasowa, kaɗan ke shiga ƙarfen. Manyan ƙwayoyi kuma jinkirin narkewa gare su, sai a ga baƙaƙen dunƙule na yawo a kai alhali lokacin zubawa ya yi.

Ga tukunyar lantarki mai matsakaicin girma, yawanci milimita 1 zuwa 5 suka zaɓa. Ƙaramar tukunya ta fi son ƙasa da haka. Babbar da ke juya ƙarfe da ƙarfi tana ɗaukar manya. In gyaran ƙarshe za a yi dab da zubawa, milimita 0.2 zuwa 1 ya fi, don babu lokacin jira.

Wani dattijo ya ce, "Yara, ku bar watsa shi a sama. Ku sa shi ƙasa, ku danne da tarkace." A ganina wannan ta fi duk lissafin milimita amfani. An kuma ja kunne a sa kabon kafin silikon, wani sinadarin da shi ma ake ƙara wa ƙarfen, domin silikon na rage shigarsa.

Buhun kabon da damina ta jiƙa, a shanya shi tukuna.