Kaki mai kauri ga mai asma da cutar makyarkyata: me ke aiki a hunturu?

Mai jinya, Gwammaja:
Assalamu alaikum. Hunturu ya kama, kuma akwai gidajen da ke da dattijo mai asma wanda ke fama da cutar makyarkyata, wadda likitoci ke kira Parkinson. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne kaki. Ya yi kauri kamar ƙaro, ana jin kurarinsa a maƙogwaro, tari ya kasa fito da shi, musamman da asuba. Ma'aikatan lafiya da masu jinya, don Allah kowa ya kawo abin da ya ga yana aiki da abin da ke ƙara dagula lamarin.

Mai harhaɗa magunguna, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin a sayo komai, a zazzage ledar magungunan Baba a duba, don sau da yawa kaurin daga nan yake. Artane, wato benzhexol, ana yawan rubuta shi ga masu karkarwa saboda arha, amma yana busar da yawu, yana kuma daskarar da kaki. Piriton da yawancin magungunan mura na ruwa ma haka suke. A haɗa su da busasshiyar iskar Disamba, to ba sai an faɗa ba. Kada dai a tsayar da Artane da ka, a koma wa likitan da ya rubuta ya rage a hankali ko ya canza.

Akwai kuma waɗanda maganin wannan ciwo ne, guba ne ga wancan. Propranolol yana rage wata irin karkarwa, amma yana tsuke hanyar numfashin mai asma. Metoclopramide da Stemetil da promethazine, da ake bayarwa don amai ko jiri, suna ƙara sandarewar mai makyarkyata. Asfirin da ibuprofen da diclofenac suna tayar da asmar wasu. Ventolin kansa, abin shaƙar da ke buɗe hanyar numfashin mai asma, yana ƙara rawar hannu na ɗan lokaci, amma wannan ba dalilin barinsa ba ne. Maganin tari mai kodin kuwa, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da shi a 2018, da duk wani mai kashe tari, a nisance su. Wanda kaki ya cika wa ƙirji ba a kashe masa tari.

Likitan fisiyo, Tarauni:
Allah ya saka wa mai magani. Ni abin da zan ƙara shi ne lokaci, don a nan ake yawan yin asara. Makyarkyata tana sandarar da naman ƙirji da na ciki, sai tarin ya zama ba ƙarfi. Da asuba abin ya fi muni saboda levodopa, babban maganin makyarkyata, wanda aka sha daren jiya ya gama aiki, kakin kuma ya kwana yana taruwa. In aka matsa wa Baba ya yi ta tari a wannan lokacin, gajiya kawai zai yi, wataƙila ma asmar ta tashi.

A ba shi levodopa da ruwan ɗumi, a jira minti 30 zuwa 45 har jiki ya saki. A shaƙa masa Ventolin yadda likita ya tsara, a ƙara jiran minti 10 zuwa 15. Sannan ya zauna a kujera, ƙafa a ƙasa, ya ɗan sunkuyo gaba. Ya fara da numfashi a sanyaye na rabin minti, hannu a kan ciki. Sai ya ja dogon numfashi sau 3 ko 4, kowanne ya riƙe na daƙiƙa 3. Daga nan ya buɗe baki ya huro iska da ƙarfi yana cewa "haa", sau 1 ko 2. Wannan huron shi ke tura kakin sama ba tare da hanyar iska ta rufe ba, sai ƙaramin tari ya ƙarasa. A maimaita har minti 10, safe da yamma, kafin cin abinci. In aka ji shessheƙa ta fara, a koma numfashin sanyi.

Abu biyu da ban yarda da su ba: bubbuga bayan mai asma da ƙarfi, da kwantar da dattijo kai a ƙasa ƙafa a sama. Na biyun yana maido da abin ciki zuwa maƙogwaro.

Ma'aikaciyar jinya, Gyaɗi-Gyaɗi:
Maganar shaƙa Ventolin tana da gyara. Hannu mai rawa ba ya iya danna abin shaƙar daidai lokacin jan numfashi, sai maganin ya tsaya a harshe. A samo robar da ake maƙalawa a bakin abin shaƙar. In ba a samu ba, gorar ruwa ta rabin lita ta wadatar: a huda gindinta daidai bakin abin shaƙar, a cusa shi ya zauna cif, Baba ya kama bakin gorar da leɓe. Mai jinya ya girgiza, ya danna sau 1, Baba ya ja numfashi 4 ko 5, sannan a sake dannawa. Danna biyu a tare ɓarnar magani ce. Abin shaƙa mai garin magani, wanda sai an zuƙa da ƙarfi, ba kowane mai makyarkyata yake iyawa ba, a nuna wa likita yadda yake zuƙa. Bayan abin shaƙa na rigakafi, wanda ake yi kullum, a kurkure baki a tofar, in ba haka ba farin kurji ya fito a harshe, haɗiya ta ƙara wuya.

Sai ruwa. Dattawan nan suna gudun sha saboda ƙwarewa da yawan fitsari. Lita 1.5 zuwa 2 a yini, wato ledar fiya wata 3 zuwa 4, kurɓi-kurɓi, sai dai in likitan zuciya ko na ƙoda ya taƙaita.

Mai jinya, Kurna:
Aunty, a unguwarmu sirace ake yi da ganyen darbejiya da ɗan Robb, a lulluɓa da bargo. Wasu sun ce yana sassauta musu.

Ma'aikaciyar jinya, Gyaɗi-Gyaɗi:
Hajiya, tukunyar tafasasshen ruwa a gaban wanda hannunsa ke rawa, ƙafarsa ke ƙin ɗaguwa, ai ƙuna ake nema. Ƙamshin man kuma yana tayar da asmar wasu. In danshi ake so, a shanya jiƙaƙƙen tawul a ɗaki. In akwai nebulaiza, na'urar da ke mayar da magani tururi a shaƙa, ruwan gishiri na asibiti mai kashi 0.9 ya fi sirace. Mai kashi 3 yana iya tsuke numfashi, ba a fara shi a gida. A fitar da kaskon turaren wuta da gawayi da maganin sauro na ƙonawa, a yayyafa ruwa kafin shara, a sa takunkumi in za a shiga adaidaita sahu.

Likita, Nassarawa:
Wani ɓangare na abin da ake kira kaki ba daga huhu yake ba. Mai makyarkyata ba ya haɗiye yawu a kai a kai, sai ya taru a maƙogwaro. Abinci da ruwa kuma suna sulalewa hanyar iska, wani lokaci ba tare da ko tari ba, kuma ciwon huhun da wannan ke jawowa yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu cutar. Alamarsa, murya ta jiƙe bayan kurɓar ruwa, ko tari a tsakiyar cin abinci. Ya ci a zaune tsaf, loma ƙanana, ba hira. Kunu ko koko mai ɗan kauri ya fi tsinkakken shayi sauƙin haɗiya. Garin rogo da gyaɗa da busasshiyar shinkafa suna da haɗari. Ya zauna minti 30 bayan ci, a bar awa 3 tsakanin tuwon dare da kwanciya, a ɗaga kan gado da bulo kamar santimita 15. A goge haƙora da harshe sau 2 a rana, ƙwayoyin cutar baki ne ke bin yawu zuwa huhu.

Launin rawaya kaɗai ba ya nufin a sha antibayotik, asma da kanta tana rina kaki. Amma zazzaɓi, ko jini, ko ruɗewa, ko ya kasa ƙarasa jimla, ko an danna Ventolin sau 10 ba sauƙi, wannan na sashen gaggawa ne, Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, a tafi da levodopa ɗinsa don kada lokacin sha ya wuce. Tarin da ya haura mako 2 da gumin dare da rama, a je a gwada tarin fuka, kyauta ne, a Asibitin Zana ko cibiyar gwaji mafi kusa.

Mai jinya, Gwammaja:
Ranka ya daɗe, fura da nono fa? An ce nono na ƙara kaki. Sannan maganin tsinka kaki, a saya?

Likita, Nassarawa:
Nono ba ya ƙara kaki, yana dai lulluɓe maƙogwaro, a bi shi da ruwa. Matsalarsa ita ce shi da nama da wake suna rage shigar levodopa jiki, don haka a sha maganin minti 30 kafin fura ko awa 1 bayanta. Carbocisteine yana tsinka kaki, amma ba a ba mai gyambon ciki, kuma in tarin ba ƙarfi, tsinkakken kakin taruwa zai yi a ƙirji. A fara da atisayen da mai fisiyo ya kawo da ƙarin ruwa na mako guda, in ba canji a kawo Baba asibiti da ledar magungunansa duka, har na gargajiya.