Ma'aunin zafi uku, kowanne da abin da yake faɗa

Salamu alaikum. A Jos nake, ina da akwatin gilashi na kifin ado mai cin lita 60. Tunda hunturu ya shigo na sa masa hita, na saita ta a digiri 26.

Ga inda kaina ya ɗaure: ma'aunin zafi uku nake da su. Na mannawa a jikin gilashi yana nuna 23, na gilashi mai jan ruwa a ciki 25, na batir mai waya kuma 27.5. Na haɗa su gefe ɗaya nesa da hitar, na bar famfon iska yana juya ruwan har awa guda, ban ga canji ba. Na mannawar na riga na sallama shi, don sanyin ɗaki yake ji ta waje.

Jiya na cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara, na zuba ruwa kaɗan, na juya, na jira minti 5. Maimakon sifili, na batir ya tsaya a 1.8, ko da na sake masa sabon batir. Na gilashin kuwa daga 10 lambobinsa suka fara. Maganar gwada su da tafasasshen ruwa ba ta taso ba: lambobinsu ba su kai nan, kuma a tudun Jos ruwa kan tafasa ne wajen digiri 96.

Don Allah, wannan 1.8 ɗin zan riƙa cirewa ko a digiri 26, ko kuwa kuskuren yana canzawa idan zafi ya ƙaru?