Wai tsakani da Allah me ya fara kai ku soshiyal midiya?

Bazazzagi:
Salam 'yan uwa. Gardama aka yi jiya a majalisarmu, wani ya dage wai duk wanda ya buɗe akawun zumunci ne ya kai shi, na ce a'a, kowa da abin da ya jawo shi, dan Allah kowa ya faɗi nasa banda ƙarya. Ni dai manhajar hira ta 2go ce ta shigo da ni wajen 2011, da wata Nokia mai madannai ta yayana, sai ya yi barci in lallaɓa in ɗauka in shige bargo. Kuma ba komai nake nema ba illa tauraro, wato matsayin da ake ba ka gwargwadon daɗewarka a kai, in bar ta a kunne har asuba don kawai matsayina ya wuce na abokina, ga rum ɗin Kaduna ana ta zuba shirme da mutanen da ba ka taɓa gani ba. Facebook daga baya ne, shi ma don duk 'yan ajinmu sun koma can.

Mai Turaren Wuta:
Wa alaikumus salam. Ni kam neman na kai ne ya kai ni, ba ruwana da hira. Lokacin kullen korona a 2020 ba biki ba suna, ga humra da turaren wuta na haɗa sun cika min ɗaki, sai ƙanwata ta ce Anti ki dinga sawa a status mana. Ban ma iya ɗaukar hoto ba, ita ta koya min in shimfiɗa farin zanin gado kusa da taga da safe in jera kwalaben, in goge kyamarar da bakin hijabi. Yanzu har Gombe da Yola ina kai kaya tasha a ba direba. Amma fa sai da haƙuri, mutum goma za su tambaye ki nawa, ki yi ta bayani har da voice, ƙarshe a ce zan miki magana, shikenan an tafi kenan. An taɓa min alat na bogi ma, tun daga ranar sai na ga kuɗi sun zauna a akawun kaya ke fita.

Ɗan Maraɗi:
Ni don tsohuwata na shiga. Da na tafi ci-rani Libiya kiran gida tsada gare shi, minti kaɗan kuɗi sun ƙare. Inna ba ta karatun boko amma ta iya danna alamar magana a WhatsApp, ƙanena ya nuna mata. In rezo, wato sabis, ya yi kyau ta aiko saƙo mai tsawo, tun daga labarin damina har akuyar da ta haihu, ni kuma in na tashi aiki da dare in yi ta saurare.

Bagusaye:
Ku kuna maganar nishaɗi, mu a nan labarin hanya ne. Kafin ka hau mota zuwa Funtuwa sai ka duba guruf ka ji ko lafiya, wanda ya wuce da safe shi ke faɗa wa na baya, rediyo kuwa sai abu ya faru an gama take kawowa. Wannan ya sa na buɗe Facebook ina da shekara sama da arba'in. Ban san na dogara da abin haka ba sai da aka katse sabis a Zamfara a Satumbar 2021, ka tashi ba ka san me ke faruwa a ƙauyen da ke kusa da kai ba. Illar dai ita ce masu turo hoton tsohon abu su ce yanzu-yanzu ne, hankalin kowa ya tashi a banza.

'Yar Jami'a:
Allah ya kawo mana zaman lafiya Baba. Ni yajin aikin ASUU na 2022 ne, wata takwas muna gida daga wanke-wanke sai barci, ƙawata ta saka ni a guruf ɗin nobel, daga nan na faɗa Wattpad, manhajar karanta labarai. Marubuciya ta saki shafukan kyauta sai an zo daidai inda ya yi daɗi ta ce sauran na kuɗi ne, kuma wallahi biya muke. TikTok kuma girki na ce zan koya, har yau dai miyar kuka ce.

Angon Bana:
Kowa na ta kawo dalili mai kyau, to ni budurwa na bi, ita ce matata yanzu, kar wanda ya min wa'azi.

Ɗan Baiwa:
Hhhh Allah ya bar ƙauna ango. Ni ban taɓa sanin Telegram ba sai 2024 da guguwar mainin, wato haƙar kuɗin kirifto a waya, ta taso, unguwarmu kaf har masu shayi kowa na danna waya, ana lissafin motar da za a saya in mainin ɗin ta fashe, wato aka fara biya. Na gayyato har kishiyar babata don in samu rifaral, wato ladan gayyata. Da ta fashe ɗin abin da na samu ko kuɗin data bai mayar ba, amma ban goge manhajar ba, a can nake sauke karatun malamai yanzu.

Mai Turaren Wuta:
Ango in amarya na buƙatar humra ka min magana ta inbox, akwai ragi.