Tambaya a kan "used to": me ya sa malaminmu ya soke mini jimla?

Sakina, Tudun Wada

Assalamu alaikum. Ina shirin rubuta jarrabawar WAEC a bana, kuma a makon jiya aka ba mu insha'i a ajin ƙarin darasi, aka ce kowa ya bayyana yadda yake tafiyar da ranar Asabar. Na rubuta "I use to go to Sabon Gari market every Saturday", ina nufin nakan je kasuwar Sabon Gari kowace Asabar, kuma har yanzu ban daina ba. Da takarda ta dawo sai na tarar malaminmu ya soke jimlar da jan biro, amma lokaci ya ƙure bai yi bayani ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne kullum ina jin manya masu ilimi suna faɗin haka. Na kuma ga "I am used to" a littafi, ban sani ba ko duk abu ɗaya ne. Ina roƙon malamai da yayyena su warware mini.

Malam Tanimu, Samaru

Wa alaikumus salam, Sakina. Malaminki yana da gaskiya, kuma kuskuren daga Hausa ya samo asali. Mu muna da "kan", wanda masu nahawu ke kira lokaci sabau: nakan je, yakan zo, sukan sayar. Da ɗalibi ya tashi neman takwaransa a Turanci sai ya ci karo da "used to", ya ɗauka cewa idan ya cire harafin d ya mayar da shi na yanzu. Turancin yau ba shi da wannan siga ko kaɗan. Abin da mutum yakan yi a yanzu, da aikatau tsura ake faɗinsa: "I go to Sabon Gari market every Saturday", idan kuma ana son ƙarfafawa a ƙara "usually".

Shi "used to" fassararsa ita ce "a da nakan", kuma yana ɗauke da ma'anar cewa abin ya wuce, yanzu ba haka yake ba. Har zuwa shekarar 1972 ta hannun hagu ake tuƙi a ƙasar nan, don haka daidai ne a ce "Nigerians used to drive on the left". Kafin naira ta shigo a 1973, da fam da sule ake ciniki: "We used to buy things with pounds and shillings". Ba aiki kaɗai yake bayyanawa ba, har da halin da abu ya taɓa kasancewa a ciki, kamar ƙaramin layin dogon da ya tashi daga nan Zariya zuwa Jos, wanda aka rufe a 1957: "There used to be a railway from Zaria to Jos".

Lokacin da nake koyarwa, wani yaro ya kawo mini takardar neman aiki in duba masa, a ciki ya rubuta "I used to be honest and hardworking". Niyyarsa ya yabi kansa, alhali abin da ya shaida wa mai ɗaukar aikin shi ne a da yana da gaskiya da ƙwazo, yanzu kuwa ya bari.

Malama Rabi, Kongo

Allah ya saka wa Malam da alheri. Ni zan ɗauki rabin tambayar na biyu, ƙanwata. Galibi idan kin ga "am", "is", "are" ko "was" kafin "used to", to magana ta koma kan sabo, wato abin ya daina yi wa mutum wuya ko baƙunta. "I am used to the harmattan" na nufin na saba da hunturu. Ɗaliban da ke zuwa Jami'ar Ahmadu Bello daga Kudu sukan sha wahalar sanyin Disamba da Janairu a shekararsu ta farko, sai a ba su haƙuri da cewa "You will get used to it", wato za ku saba. Kin ga wannan yana shiga kowane lokaci, jiya da yau da gobe, saɓanin wanda Malam ya bayyana.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne abin da ke biyo baya. A nan suna ne ke zuwa, idan kuma aikatau ne dole ya ɗauki "ing": "I am used to waking up early", ba "to wake up" ba. Hausa ma haka take yi, domin cewa muke yi "na saba da tashi da asuba", da sunan aiki, babu mai cewa "na saba da na tashi".

Akwai na uku mai kama da su a rubuce amma ba danginsu ba ne: "Millet is used to make fura", ana amfani da gero a yi fura. Kunne yana rarrabe su, saboda wannan da sautin z ake furta shi, waɗancan biyun kuwa da s.

Bashir, Sabon Gari

Allah ya gafarta Malam, ina da ja kaɗan. Idan ɗan kasuwa da ma'aikacin banki da ɗalibin jami'a duk suna cewa "I use to", kuma kowa yana fahimtar kowa, me zai hana a karɓe shi a matsayin Turancin Najeriya? Sannan na ga wasu suna rubuta "didn't use to" ba tare da d ba, bayan an ce mana cire d kuskure ne.

Malam Tanimu, Samaru

Jan naka yana da tushe, Bashir, har ma zan ƙara maka hujja: Turawan Ingila da kansu sun yi amfani da wannan siga ta yanzu a ƙarni na 16 da na 17, daga baya ta mutu a bakinsu, ta shuɗaɗɗen lokaci kaɗai ta rage. A hira tsakaninmu ba na tsayar da kowa in gyara masa. Amma mai duba takardar Sakina da daidaitaccen Turanci zai auna ta, kuma ko ba jarrabawa, akwai haɗarin da ya fi asarar maki. A baki, "use to" da "used to" sautinsu ɗaya ne, domin d ɗin yana narkewa cikin t. Idan ka ce wa likitan da bai saba da Turancinmu ba "I use to take this medicine", kana nufin kakan sha, abin da zai ji shi ne ka daina sha, kuma a kan haka zai rubuta maka magani.

Batun d kuwa, a korewa da tambaya "did" ya riga ya ɗauki nauyin shuɗaɗɗen lokaci, shi ya sa ake rubuta "I didn't use to like tea" da "Did you use to live in Kofar Doka?", kamar yadda ake cewa "didn't go" ba "didn't went" ba. Wanda ya ji shakka ya fake da "never used to", wanda d ɗinsa ke nan daram.

Sakina, Tudun Wada

Na gode ƙwarai, Malam da Anti Rabi. Ga gwajin da na yi, a duba mini: "I go to the market every Saturday." "I am used to carrying heavy loads." "I used to go with my mother last Saturday."

Malama Rabi, Kongo

Biyun farko sun yi daidai. Ta ukun ce ke da gyara, domin "used to" ba ya zama da abin da ya faru sau ɗaya a rana takamaimiya, kamar yadda ba za ki ce "nakan je Asabar ɗin da ta wuce" ba. Ki rubuta "I went with my mother last Saturday", ko kuma, idan ƙuruciya kike nufi, "I used to go with my mother when I was small".