Abin da aka ce kan waƙa da mata marubuta waƙa, a taƙaice

An tattauna kan waƙa da matsayin mata marubuta waƙa, magana ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda cewa rubutacciyar waƙa makaranta ce. Misalin da ya fi yawo shi ne Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1793–1864), wadda ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Jajojinta, wato malamai mata da ta horar a ƙungiyarta ta koyar da mata mai suna 'Yan Taru, sukan haddace su, su kai wa matan karkara waɗanda ba su iya karatu ba.

2. An koka cewa a makarantu sunayen maza aka fi ji, irin su Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu. Su Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu kuwa, ɗalibai kaɗan ne suka san su.

3. Nan aka rabu. Wasu sun ce sai mai karin waƙa da amsa-amo a rubuce ce marubuciyar waƙa. Wasu suka ce a sa har da su Barmani Coge da waƙoƙin daka da na niƙa, tunda yawancin fasahar mata a baka take. Ni dai ina ganin na biyun sun fi hujja.

4. Shawara ga masu tasowa: ku karanci waƙoƙin magabata, ku rera baitinku da murya kafin ku fitar, don kunne ne ke kama karyewar kari.

5. An roƙi masu tsofaffin rubuce-rubucen ajami na kakanninsu mata su ɗauke su a hoto kafin gara ta cinye.