Muhawara: Prometheus kaɗai ya isa ya riƙe lafiyar saba da lissafin ciniki?

Mai Gadin Saba: Salamu alaikum jama'a. Ga magana na kawo, wanda bai yarda ba ya fito fili. Ni a wurina duk mai Prometheus (manhajar da ke ɗibar awon lafiyar saba, wato kwamfutar da manhaja ke aiki a kanta, tana ajiyewa) da Grafana (mai zana awon a allo) ba ya buƙatar wani rumbu na daban don ajiye alƙaluman ciniki. Yawan oda, kuɗin da ya shigo, sababbin kwastomomi, duk lambobi ne masu tafiya da lokaci, daidai da yawan memorin da saba ke ci. Kwana 15 ɗin da Prometheus ke riƙe awo kafin ya goge, wanda ake ta kuka da shi, saitin farko ne kawai, ka mayar da shi shekara 5, magana ta ƙare. Ku yi lissafi: in ana ɗibar awo duk daƙiƙa 15, awo 5,760 ke nan a rana, miliyan 2 da 'yan kai a shekara. Kowane awo bai wuce baiti 1 zuwa 2 ba a faifai. Jeri ɗaya, wato awon abu guda a jere bisa lokaci, megabait 4 a shekara, jeri 10,000 gigabait 40. Wane faifai ne wannan zai gagara a yau?

Hajiyar Lissafi: Wa alaikumus salam. Malam, ba a nan gizo ke saƙa ba. Ni ban taɓa cewa faifai zai cika ba. A wani wurin da na yi aiki, shugabanmu ya nemi adadin odar da aka yi da safe, aka buɗe masa allon Grafana, sai ga 312.6. Ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa, ya ce a nemo masa wanda ya yi rabin oda. Dariya aka yi, amma daga ranar bai ƙara yarda da komai a allon nan ba, har da abin da yake daidai.

Ɗan Koyo: Hajiya, afuwan, ta yaya ƙidaya za ta fito da ɗigo? Ba kuskuren saiti ba ne?

Mai Rumbu: Ba kuskure ba ne ƙanena, haka aka gina shi. In ka kira increase(), umarnin lissafa ƙaruwar ƙidaya a PromQL, harshen tambayar Prometheus, yana duba awon farko da na ƙarshe a cikin tazarar da ka ba shi, sannan ya yi kintacen abin da ya faru a gefunan da babu awo. Daga nan ɗigon ke fitowa. Akwai ma wadda ta fi wannan: Prometheus shi ke zuwa ya ɗebo, ba a kai masa. In manhaja ta karɓi oda 7 bayan ɗibar ƙarshe, ta faɗi kafin ɗiba ta gaba, to ƙidayarta ta koma sifili, bakwai ɗin nan sun tafi ke nan, babu inda aka rubuta su. Masu Prometheus ɗin ma ba su ɓoye ba, a bayanansu sun faɗa cewa in kana son daidaito ɗari bisa ɗari, kamar cajin kuɗi a kan kowace buƙata, ba shi ne kayan aikinka ba.

Ɗan Koyo: To ai na ji ana cewa manhajojin da ake haɗawa da Prometheus, irin su Thanos ko Mimir ko VictoriaMetrics, suna magance matsalar ajiya mai tsawo.

Tsohon Hannu: Suna magance tsawo, yaro, ba sa magance daidaito. Thanos na kwashe tubalan bayanan Prometheus ya kai ma'ajiyar intanet irin S3 ta Amazon, ya kuma yi taƙaitattun kwafi, na minti 5 bayan awa 40, na awa 1 bayan kwana 10, don zanen shekara guda ya buɗe da sauri. Mimir da Grafana Labs suka fitar a 2022 daga wata manhaja irinsa mai suna Cortex ya samo asali, aikinsa ɗaukar nauyi mai yawa. VictoriaMetrics kam ba ya wancan kintacen, zai ba ka lamba cikakkiya babu ɗigo. Amma abin da ba a ɗebo ba tun farko, babu mai haifar maka shi a cikinsu. Wannan ɗabi'ar ta taƙaita tsohon awo ba sabuwa ba ce, tun manhajar ajiyar awo RRDtool ta 1999 muke tare da ita, Zabbix ma, wata manhajar sa-ido, in tarihi ya tsufa mafi ƙanƙanta da matsakaici da mafi girma na kowace awa yake bar maka. Ga lafiyar na'ura hakan ya wadatar. Wa zai tambaye ka nawa aikin CPU, ƙwaƙwalwar na'ura, ya kai ƙarfe 3:14 na wata Talata shekara uku baya?

Mai Gadin Saba: Ranka ya daɗe na ji, amma dukkanku kuna magana kamar masu ma'aikata hamsin. Mu uku ne. Kowane sabon rumbu sabon abin da zai tashe ni tsakar dare ne, sabon kwafin ajiya, sabon sabuntawa. Sannan ga abin da ba ku faɗa ba: ranar da hanyar biyan kuɗinmu ta tsaya, CPU lafiya, memori lafiya, faifai lafiya, komai kore shar. Abin da ya buga ƙararrawa shi ne ƙa'idar da na rubuta cewa in oda ta tsaya cak na minti 10 a tashe ni. Alƙaluman ciniki ne suka cece mu, kuma a cikin Prometheus suke.

Hajiyar Lissafi: Wannan kam na ba ka, kar ma ka cire ta. Amma bugun jijiya ka auna, ba littafin shiga da fita ka rubuta ba. Bari in tambaye ka. Kwastoma ya dawo da kaya bayan mako uku, aka mayar masa da kuɗinsa. A rumbun SQL, mai ajiye bayanai layi-layi, layin odar zan nema in gyara, rahoton watan jiya ya daidaita. Kai ƙidayarka sama kawai take tafiya, ya za ka koma baya ka rage? Na biyu, baɗi za a zo a ce, a cikin waɗanda suka fara saye a watan Maris, nawa ne suka dawo a watan Satumba? Amsar na buƙatar sanin wane ne ya sayi me. Kai jimla kaɗai ka ajiye.

Mai Gadin Saba: Sai in ƙara lakabin lambar kwastoma a jikin awon.

Mai Rumbu: Subhanallahi, kar ka soma! Kowane haɗin lakabi sabon jeri ne mai zaman kansa. Kwastoma 100,000 sau kaya iri 20, kana iya kaiwa jeri miliyan 2 daga awo ɗaya tak, kuma jerin da ke aiki a memori yake zaune. Lissafin gigabait 40 ɗinka ya rushe. Prometheus ɗin da kansa zai faɗi, kuma ranar cunkoso zai faɗi, ranar da ka fi buƙatarsa. Ni shawarata a fili take: kowace oda layi guda a rumbun SQL irin PostgreSQL, in layukan sun yi yawa ka ɗora TimescaleDB, ai ƙari ne a kansa ba sabon abu ba. In sun kai biliyoyi, sai rumbun ClickHouse, wanda kamfanin Yandex ya saki a 2016. Grafana na karanta su duka, a allo ɗaya za ka ga zafin saba a hagu, ciniki a dama.

Tsohon Hannu: A hankali Malam, kai ma ka fara zarcewa. Mutum uku kake tura wa ClickHouse? Shi gwanin karatu da tarawa ne, gyaran layi ɗaya-ɗaya irin wanda Hajiya ke so nauyi yake masa. Kuma kada wani ya ji wannan ya juya abin, ya kwashe sa-idon na'urori ya zuba a PostgreSQL ɗin da manhaja ke amfani da shi. Ranar da rumbun ya kwanta, da ƙararrawar za su kwanta tare. Abin da ni na fi tsoro a ajiyar shekara goma shi ne harshen tambaya. Waɗanda suka bi rumbun awo na InfluxDB sun fara da harshen InfluxQL, aka koma harshen Flux a sigar 2 suka sake rubuta allunansu, sigar 3 ta zo ta koma SQL da InfluxQL ta bar Flux a baya. SQL kuwa tun kafin a haifi Ɗan Koyo ake rubuta shi.

Ɗan Koyo: Baba, har da ni a ciki? To yanzu odar sau biyu za a rubuta ke nan?

Hajiyar Lissafi: Ai tuni ana rubuta ta sau biyu. Manhajar Mai Gadin Saba ba a iska take ajiye oda ba, tana da rumbunta. Kwafin rumbun na karatu kawai zai yi masa, a riƙa cire rahoto daga can don kada a takura wa na aiki.

Mai Gadin Saba: Kwafin ma ai wani ne zai yi gadinsa, kuma na san ko wane ne. Ban sauka daga kan maganata gaba ɗaya ba. Gobe zan ciro adadin odar watan jiya ta hanyoyin biyu in kawo nan. In bambancin bai taka kara ya karya ba, zan ci gaba da nuna wa shugabanmu na Prometheus.

Hajiyar Lissafi: Allah ya kai mu. Ka ciro rana-rana, ba jimlar wata ba, kuma ka sa mana alama a ranakun da kuka sake tayar da manhajar.