Safar hannu ta gorunan ruwa: wa ya gwada ta a bakin aiki?

Mai sito, Sharaɗa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ogammu ya kawo wata safar hannu, wai daga tsofaffin gorunan ruwa na roba aka yi zarenta don a rage shara, tafin kuma an shafe shi da roba mai suna nitrile. Mu lodi da sauke kwalaye ne aikinmu. Wata biyu ke nan ban ga inda ta gaza wa tsohuwar ba, sai dai gumi, da azahar hannu jiƙe yake sharkaf. Wa ya gwada ta a aiki mai nauyi?

Mai walda, Panteka:
Wa'alaikumus salam. Malam, kada ka bari ta kusanci wuta. Zaren polyester ne, a wajen digiri 250 yake narkewa. Yarona ya ari ta wani ya riƙe min ƙarfe, tartsatsi ɗaya ya faɗa, ta narke ta liƙe masa a yatsa. Har yau akwai tabon. Mu ta fata muka sani.

Mai kula da lafiyar ma'aikata, Bompai:
Allah ya ƙara sauƙi, Oga. Ni ba na kallon koren ganyen da ake zanawa a jikin kwalinta don nuna ba ta ɓata muhalli, bayan safar nake juyawa. Za ku ga an rubuta EN 388, wato ma'aunin Turai na ƙarfin safar hannu, ƙarƙashinsa lambobi huɗu na juriyarta: goguwa, yanka, yagewa, sai huda. Daga 2016 aka ƙara harafi, A zuwa F, shi ne na juriyar kaifi, A mafi rauni, F mafi ƙarfi. Waɗanda muka karɓa lambar goguwarsu 4 ce, wato ƙarshen sikeli, amma harafinsu A. Na ba masu kwali, na hana masu yankan kwano. Masu kwano ina nema musu C ko sama, irin wadda aka saƙa da zare mai hana yanka. Akanta ya yi ta mita saboda tsada, na ce ya je ya tambayi kuɗin ɗinkin yatsa.

Mai bulo, Zariya:
Kwana huɗu ta yi min. Ta fata takan kai ni wata guda. In zan zubar da bakwai a madadin ɗaya, wace sharar aka rage?

Ɗan jari-bola:
Ni abin dariya ma ya ba ni. Gorar daga hannunmu take fita, a kilo muke sayarwa. Amma in ta dawo a safa ba mai saye, don robar tafin ta riga ta kama zaren, ba a iya raba su. Bola take komawa.

Mai sito, Sharaɗa:
Na duba tawa yanzu, 4121A. Ashe masu yanke igiyar ƙarfen nan ta ɗaurin kaya bai kamata su riƙa sa ta ba. Gobe da safe zan nuna wa oga, in sha Allahu.